Ɗanyen Mai Ma Yana da Asali

Ƙannena na Gwarzo da Kabo, tun daga watan Nuwamban 2022 da shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya je Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, ya ƙaddamar da aikin haƙar mai, wata tambaya take yawo a majalisun samari. An samu a Bauchi, maƙwabtanmu na Nijar suna haƙowa a Agadem har sun gina matata a Damagaram tun 2011, to mu yaushe namu zai fito? Zan ba ku amsa ba tare da kwana-kwana ba. Babu ɗanyen mai a ƙarƙashin Gwarzo, babu shi a ƙarƙashin Kabo, kuma ba wani ne ya danne shi ko ya ɓoye ba. Ba don in kashe muku gwiwa nake faɗa ba. So nake ku san dalilin, domin wanda ya san dalili ba a yi masa romon baka, kuma a cikin dalilin akwai wani ilmi da nake kwaɗayin wasunku su riƙe shi sana'a.

Ku tambayi duk wani mai haƙar rijiya ko burtsatse a Getso ko Garo abin da yake tararwa in ya nutsa. Zai ce muku jar ƙasa, sai marmara, sai ruɓaɓɓen dutse mai ɗan danshi, daga nan sai dutse tsagwaronsa wanda diga ba ta cinsa. Ruwan da muke sha a cikin ruɓaɓɓen dutsen nan yake maƙalewa, ko a tsagar da ke jikin mai taurin. Wannan dutse shi ne gindin ƙasar yammacin Kano gaba ɗaya. Mafi yawansa a narke yake tun asali, ko kuma zafi da matsi sun dafa shi, kuma ya daskare kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Dutsen da ya taɓa narkewa cikin zafin da ya haura digiri 600 ba ya riƙe ragowar wani abu mai rai. Shi kuwa ɗanyen mai ragowar masu rai ne.

Wurin da ake neman mai shi ne inda ƙasa ta lotsa ta zama babban kwari, ruwa ya kwanta a ciki, laka da yashi suka yi ta jibguwa har kaurinsu ya kai kilomita da yawa. Fiye da shekara miliyan 100 baya, lokacin da Afirka take rabuwa da Kudancin Amurka, ƙasa ta tsage daga gaɓar teku har zuwa wajen Gombe, daga baya ruwan teku ya biyo tsagar ya shigo. Shi ya sa farin dutsen da ake yin siminti da shi a Ashaka yake ɗauke da ɓawon halittun teku. A Sakkwato ma teku ya taɓa kwanciya, dutsen simintin Kalambaina shi ne shaida. Kolmani tana cikin irin wannan kwari, Agadem ma haka, yankin tafkin Chadi ma haka. Mu kuwa a kan tudun da ya rage a tsakani muke zaune.

A cikin irin wannan ruwa ne ƙananan halittu suke rayuwa su mutu: gansakukar ruwa, bakteriya, da ganyaye da saiwoyin da koguna suke kwasowa daga tudu. Ba manyan dabbobin da kuke gani a fim ba ne suka zama mai, ƙananan da ido ba ya gani su ne suka fi yawa. Kusan dukkansu ruɓewa suke yi su koma iska. Abin da yake tsira a binne bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, shi ma sai inda laka ta rufe shi da wuri kuma iskar oksijin ba ta kai gare shi. Laka tana ƙaruwa a sama, ta ƙasa tana ƙara nutsewa, kuma kowace kilomita ɗaya da aka yi ƙasa zafi yana ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30. Idan zafin ya kai tsakanin digiri 60 da 150, ya kuma daɗe a haka shekaru miliyoyi, sai abin nan ya fara narkewa yana zama mai. In zafi ya wuce nan, sai ya zama iskar gas. Man yakan tsiyaye ya bi ta cikin dutsen yashi har ya iske wani dutse marar ƙofa da zai tare shi. Nan ake haƙa. Duk wannan ikon Allah ne, kuma bin diddiginsa ba ya rage wa mai imani komai, ƙara masa yake yi.

To, yaya aka yi aka sani? Wa ya ga abin da ya faru shekara miliyan 100 baya? Wannan ita ce tambayar da nake so kowannenku ya saba yi, kuma amsarta ita ce zuciyar maganata.

A jikin kowane mai rai akwai wasu sinadarai na kitse da kaki da launi waɗanda ƙirarsu take da ƙarfi. Ƙwayoyin kabon ne suke haɗuwa zobe-zobe, kowane jinsi da irin nasa tsarin. Zafi da daɗewa suna kakkarya musu gefe, su cire musu oksijin, amma ƙashin bayan kabon ɗin yana nan yadda aka gina shi. Kamar tsagar fuska ne. Mutum ya bar garinsu tun yana yaro, ya tsufa a wata ƙasa, harshensa ya juye, amma dattijon da ya san aska yana dubansa zai ce wannan Bagobiri ne, wancan Babarbare ne. Masana suna kiran irin waɗannan sinadarai burbushin halitta na sinadari. Ni zan ce musu sinadaran shaida, domin shaida suke bayarwa a kan wanda ya ƙera su.

Wanda ya fara kama su wani Bajamushe ne, Alfred Treibs, a birnin Munik, a 1934. Kafin shi akwai jayayya mai zafi. Dmitri Mendeleev, ɗan Rasha, mutumin da ya tsara jadawalin sinadaran da yake manne a bangon ajinku, ya tsaya a kan cewa mai ba daga masu rai ya fito ba, ruwa ne yake haɗuwa da ƙarfe mai kabon can cikin ƙasa. Treibs ya tace ɗanyen mai da baƙar laka mai maiƙo, ya fitar da wani jan sinadari da ake kira fofirin. Da ya duba ƙirarsa sai ya ga zoben nan ne da yake tsakiyar koren ganye, wato kulorofil, wanda shuka take kama hasken rana da shi. Bambancin kaɗan ne. A ganye ƙwayar maganiziyam ce a tsakiyar zoben, a cikin mai kuwa banadiyam ko nikel ne suka maye gurbinta. Irin zoben nan ne a jininmu, da ƙwayar ƙarfe a tsakiya. Kuma da man ya taɓa shiga zafin narkakken dutse da zoben ya wargaje. Mendeleev babban malami ne, har gobe duniya tana cin moriyarsa, amma a wannan mas'ala hujja ba ta bi bayansa ba. Ku riƙe wannan da kyau. Ana girmama malami, ana kuma duba hujja, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Kulorofil yana da wata doguwar jela. In ta tsinke a cikin laka, takan zama ɗaya daga sinadarai biyu. Inda akwai oksijin sai ta zama firisten, mai kabon 19. Inda ruwa ya kwanta babu iska sai ta fi zama fayiten, mai kabon 20. Don haka mai bincike yakan auna yawan wannan ya raba da yawan wancan. In firisten ya ninka fayiten sau 3 ko fiye, to ganyen tudu ne ya yi yawa kuma ya sha iska kafin a binne shi. In fayiten ya fi yawa, to ruwan da lakar ta kwanta a ciki marar iska ne, sau da yawa mai gishiri. Lissafi ne na raba lamba da lamba, wanda ɗan aji uku na ƙaramar sakandare zai iya, amma yana faɗa maka yanayin ruwan da ya ƙafe tun kafin a halicci ɗan Adam.

Akwai kuma dangin isteren, waɗanda suka fito daga kolestarol da 'yan'uwansa. Kolestarol ɗin nan da likita yake auna wa iyayenku, shi dai. Mai kabon 27 ya fi fitowa daga dabbobi da wasu gansakukan teku, mai kabon 29 kuwa tsirran tudu ne suka fi yin sa. Sai dangin hofen, waɗanda labarinsu yake burge ni. An yi ta samunsu a kusan kowace laka da kowane ɗanyen mai da aka auna, ba a san mai ƙera su da irin wannan yawa ba. Guy Ourisson da abokan aikinsa a Jami'ar Sitarasbog ta Faransa suka bi sawu a shekarun 1970, suka gano bakteriya ce take ƙarfafa fatar jikinta da su, yadda jikinmu yake yi da kolestarol. Wato an san gawar kafin a san mai ita.

Amma wanda ya fi shafar mu shi ne oliyanen. Sinadari ne mai zobe biyar da kabon 30, kuma asalinsa tsirrai masu fure ne, irin su mangwaro da kuka da ɗorawa da duk danginsu. Tsirrai masu fure ba su yaɗu a duniya ba sai kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce. Saboda haka duk man da aka samu da oliyanen mai yawa ya faɗi abu biyu game da kansa: ganyen tudu ya shiga cikin lakar da ta haife shi, kuma lakar ba ta girmi zamanin furanni ba. Ɗanyen man Neja Dalta yana cikin waɗanda suka fi kowane yawan oliyanen a duniya, har littattafan wannan fanni da shi suke ba da misali. Kuma ɗan ƙasar nan yana cikin waɗanda suka kafa wannan ilmi. Farfesa Chukwuemeka Ekweozor na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun wallafa bincike a kan lakar Neja Dalta a 1979, sannan a 1988 shi da abokin aikinsa Udo suka yi rubutu a kan asalin oliyanen da iyakar inda ake samunsa a kudancin Nijeriya. Har yau masu bincike a Amurka da Sin suna ambaton aikinsu. Ina faɗa muku wannan ne don kada wani ya sa muku a rai cewa irin wannan ilmi na Turawa ne, namu sauraro. An fara samun mai a Neja Dalta a garin Oloibiri a 1956. Shekara 23 bayan nan ɗan ƙasa yana karanta asalin man a ɗakin gwaji.

Yawancin man ƙasashen Larabawa ba haka yake ba. Daga halittun teku ya fito, a cikin laka mai farar ƙasa, yana da farar wuta da yawa, oliyanen kuwa babu ko kaɗan ne. Shi ya sa in aka ba masani kwalba biyu babu suna a jiki zai iya ware na Bonny ta Neja Dalta da na Saudiyya.

A nan zan taɓo wata magana da kuka sha ji daga bakin wasu manyanmu, cewa man kudu namu ne domin kogunan Kwara da Binuwai ne suka kwashe shi daga arewa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, tunda laka da yashin da suka gina Neja Dalta koguna ne suka ɗauko su daga cikin ƙasa. Amma kogi ba mai ya ɗauka ba, laka ya ɗauka. Man a can ya dahu, a ƙarƙashin kilomitoci na laka, haɗe da halittun tekun da suka mutu a wurin. Oliyanen zai ce maka shuka mai fure ce, ba zai ce maka a gonar wa ta tsiro ba, balle a lokacin babu arewa babu kudu babu mutum. Sannan ku duba taswira. Kogin Challawa da yake kwashe ruwan yankinku ba Kwara yake nufa ba. Yana haɗuwa da kogin Kano su zama kogin Haɗeja, su bi ta Yobe su nufi tafkin Chadi. Rabon arzikin ƙasa magana ce ta adalci da tsarin mulki, kuma muna da hujjojinmu a can. Kada mu jingina haƙƙinmu a kan kimiyyar da ba ta faɗi haka ba, domin ranar da aka rushe hujjar sai a ɗauka haƙƙin ma ya rushe.

Yanzu mu dawo gida. Rashin mai ba ya nufin rashin sinadaran shaida. Suna nan ko'ina a kewayenku. Ku tsinko ganyen gwaza ko na tumfafiya ku ɗiga masa ruwa. Ruwan ba ya jiƙa shi, dunƙulewa yake yi ya gangare, ganyen ya rage a bushe. Kaki ne a bayan ganyen, wanda yake hana shuka ƙafewa a rana. Kakin nan dogayen sarƙoƙin kabon ne, kuma shuka ta fi ƙera masu lambar mara: 27, 29, 31. Geoffrey Eglinton na Birtaniya da abokin aikinsa Hamilton suka yi fitaccen bayani a kan wannan a 1967. Ɗanyen man da ya dahu sosai ba ya fifita mara a kan cika, duk sun daidaita. Wato ko daga nan ana gane sabon ganye da tsohon mai. Kakin ganye yana kuma nuna irin shukar. Gero da dawa da masara da yawancin ciyayinmu suna kama iskar kabon ta wata hanya dabam da ta gyaɗa da wake da bishiyoyi, kuma bambancin yana fitowa a nauyin kabon ɗin da ke cikin kakinsu.

Iska tana kankare kakin nan ta tafi da shi. A 1982 wasu masana, cikinsu har da Bernd Simoneit, suka wallafa binciken ƙurar hunturu da aka tara a Nijeriya, suka sami kakin ganye a cikinta. Ƙurar da take kwanciya a kan sirdin babur ɗinku a watan Janairu, wadda mai yawa daga cikinta take tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, tana ɗauke da shi. Wadda ta wuce mu takan faɗa tekun Atilantika ta nutse. Masu bincike sun haƙo lakar ƙasan tekun a gaɓar Afirka ta Yamma, suka karanta kakin hawa-hawa, ya tabbatar musu cewa tsakanin shekara 11,000 da 5,000 da suka wuce Sahara tana samun ruwan sama, da ciyawa da tafkuna. Kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya, a inda take jihar Yobe yanzu, shekarunsa kimanin 8,000, ɗan wancan zamani ne. Ko a tukunya ma ana karantawa. A 2021 masana daga jami'o'in Biristol da Farankfot suka auna kitsen da ya shige jikin katangar tukwanen mutanen Nok, na kudancin Kaduna, suka sami kakin zuma a kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka riƙe maiƙo. Shekara 3,500 ke nan ana cin zuma a ƙasar nan, kuma katangar tukunya ce ta faɗa.

Ku je dam ɗin Guzuguzu ko na Magaga da bazara, in ruwa ya ja baya. Ku soka sanda cikin taɓon bakin ruwa. Sama-sama ruwan ƙasa ne, amma da an yi ƙasa kaɗan sai ya koma baƙi ƙirin, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Baƙin nan da warin nan alama ce oksijin ta ƙare, wasu bakteriya masu aiki da farar wuta sun karɓi wurin. Matakin farko ke nan na doguwar tafiyar da na ba ku labari. Taɓon nan ba zai zama mai ba, don ba shi da zurfin da zai dahu. Amma kowace damina tana ajiye nata shafi a ciki, da kakin abin da aka noma, da tokar dajin da aka ƙona, da baƙin man injin ban-ruwa da ya tsiyaya. Babban dam na Challawa da ke Ƙaraye tun 1992 yake tara irin wannan. Ɗalibin da ya iya karanta taɓon nan zai iya faɗin yadda noma da daji suka sauya a yankinku da hujjar da ba ta dogara da tunin kowa ba.

Wannan aiki yana da sharaɗi, kuma sharaɗin hali ne kafin ya zama na na'ura. A 1999 Jochen Brocks da abokansa suka ba da sanarwar samun isteren a duwatsun Filbara na Ostireliya masu shekara biliyan 2.7. Duniyar kimiyya ta girgiza, littattafai suka ɗauka. Daga baya shakka ta shigo. Aka koma aka sake haƙa da tsabtar da ba a taɓa yi ba, aka wallafa sakamako a 2015: cikin dutsen babu komai, abin da aka gani a da daga waje ya shiga, irin maiƙon injin haƙa da dattin ajiya. Brocks da kansa yana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar da ta rushe bincikensa na farko. Bai rage masa daraja ba. Shi ne ma ya jagoranci ɗakin binciken da a 2018 ya fitar da fofirin mai shekara biliyan 1.1 daga baƙar lakar Muritaniya, a nan Afirka ta Yamma, launi mafi tsufa da aka taɓa samu daga mai rai, wanda in an tsarma shi yake zama ruwan hoda. Ina son ku da irin wannan hali. A wajenmu mutum yakan ga janye magana kamar zubar da girma ne, sai ya kafe a kan kuskure har ya ja wasu su faɗa. Wanda ba zai iya cewa sakamakona bai inganta ba, kada ya shiga ɗakin gwaji. Haka wanda zai ƙirƙiri lamba don ya gama aikin digiri da wuri. Lambar ƙarya ba ta tsayawa a takarda, wata rana a kanta za a yanke shawarar inda za a haƙa rijiyar da mutane za su sha.

Zan ba ku abin da za ku yi amfani da shi tun yau. Lokaci-lokaci akan ji an ce mai ya ɓullo a wata rijiya ko fadama, jama'a su taru, masu neman sayar da fili su fara ɗaga farashi. In kun ga wani ƙyalli mai launin bakan gizo a kan ruwan fadama, ku sa tsinke ku taɓa shi. In ya farfashe gutsi-gutsi, kowane da kaifin gefensa, bai sake haɗewa ba, to ba mai ba ne, bakteriya ce mai cin ƙarfen da ke cikin ruwa. In ya murɗa ya bi tsinken ya koma ya haɗe, to maiƙo ne, sai a tambayi daga ina. Ruwa ba ya tsami banza. Man da aka ɗebo daga rijiya garau, har aka zuba wa babur ya tashi, ba daga ƙasa ya fito ba. Ya riga ya bi ta matata, tankin wani gidan mai ne ko wata ma'ajiya take yoyo. Fetur ƙananan sarƙoƙi ne kawai, kabon 5 zuwa 12, babu hofen a ciki. Man dizal yana da firisten da fayiten. Baƙin man inji yana da hofen amma ba shi da ƙananan. Ɗanyen mai ne kaɗai yake zuwa da dangin duka, daga ƙarami har babba. Na'urar da ake kira GC-MS, wadda take jera sinadarai ta auna nauyin kowanne, za ta raba gardamar a yini ɗaya. Da irin wannan awo aka bi sawun man da ya malala a tekun Mekziko a 2010, domin hofen yana cikin na ƙarshe da bakteriya take iya cinyewa. Rijiyar da aka ji warin fetur a cikinta kuwa, kada a sha, kada a shiga, kada a kusance ta da wuta, a sanar da hukuma.

Wanda zuciyarsa ta karkata ga wannan fanni, namiji ko mace, hanya ba ta da nisa. Makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa tun 1977 take koyar da ɗalibai. An kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Kabo. Sabon matsugunin Jami'ar Bayero a kan titin Gwarzo yake, kuna wuce ƙofarsa duk ranar da kuka shiga birni. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da tsohon sashen nazarin duwatsu, a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi kuma akwai cibiyar binciken man fetur ta ƙasa, sannan asusun bunƙasa fasahar man fetur, wato PTDF, yana ɗaukar nauyin karatu a wannan fanni. Amma duk wannan ba zai amfani wanda ya haddace darasin sinadaran kabon don jarrabawa kawai ba. Ku riƙa zana ƙirar da hannunku, ku ƙirga kabon ɗaya bayan ɗaya, har idonku ya saba ya gane zobe huɗu na isteren da zobe biyar na hofen. Ku riƙe lissafi, ku gyara Turancinku don da shi aka rubuta littattafan, kuma ku dawo ku bayyana wa iyayenku da Hausa. In kun kasa bayyana shi da Hausa, to da saura a fahimtarku.

Wani zai ce duniya tana shirin barin man fetur, me zai sa in kashe ƙuruciyata a kansa? Ilmin ba na mai kaɗai ba ne. Ga misalin da ya fi kusa da rayuwarku. Kolestarol ɗin da ya bi ta hanjin mutum, bakteriyar ciki tana juya shi ya zama wani sinadari da ake kira kofurostanol. Shanu da tumaki, da yake ciyawa suke ci, nasu ya fi yawa a mai kabon 29. Duka biyun suna daɗewa a cikin laka bayan ƙwayoyin cutar sun mutu. Saboda haka in amai da gudawa ya ɓarke a unguwa, aka shiga zargin juna, wasu suna cewa garken da ake shayarwa a bakin rijiya ne, wasu suna cewa masan da aka haƙa kusa da ita ne, lakar gindin rijiyar za ta nuna wanne ne. Sai dai a ɗebe ta yadda ya kamata: a kwalbar gilashi da aka wanke aka gasa, ba a roba ko leda ba don su ma daga mai aka yi su, kada hannu ya taɓa ta don fatar mutum tana da nata kitsen, a rubuta wuri da zurfi da rana a jiki, a ajiye ta cikin sanyi har ta isa ɗakin gwaji a Kano.